Aljanun Kawu da Jan Biro

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a wani asibiti da ke kudancin Landan. Yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na zauna shekara huɗu, tun da gwamnatin jiharmu ta turo ni karatun nas a lokacin da kuɗin fetur ya fara yi wa ƙasarmu ambaliya. Ranar Alhamis aka kai shi makwancinsa, daga nan ɗan falonsa na Catford ya cika har matakala. Ɗalibai sun zo, ma'aikatan da aka turo kwas sun zo da matansu, tsofaffin abokansa na aikin jirgin ruwa sun zo suna dogara sanda. Har da mutanen zangon Kumasi, da wani dattijo Kirista mutumin Jos mai tuƙa bas, wanda ya fi kowa kuka.

Kowa ya shigo sai ya tuɓe takalmi, ya yi wa Inna, matar Kawu, gaisuwa, ya zauna, sannan idonsa ya tafi bango. Ba laifinsu ba ne. Hotuna bakwai ne jere a bangon, na aljanun ƙasar Japan, kowanne cikin firam ɗinsa. Waɗanda suka saba da gidan sun daɗe da daina ganinsu. Baƙo kuwa sai ka ga ya ɗaga hannu zai yi addu'a, ya haɗa ido da wata laima mai ido ɗaya da ta zaro masa harshe, ya yi maza ya sunkuyar da kai.

Ranar sadakar uku liman ya miƙe, ya sa tabarau, ya matsa kusa da bangon. A nan ya ga abin da ba a gani daga nesa: kowane aljani an ja masa siririn jan layi a wuya. Ya juyo ya yi wa jama'a bayani cewa hoton da aka yanke wa wuya ya tashi daga siffar mai rai, don haka wannan bawan Allah ya gyara tsakaninsa da Ubangijinsa a ɓoye, bai gaya wa kowa ba. Falo ya ɗauki kabbara. Da yammacin ranar wata tsohuwar Baturiya mai sayar da tsofaffin hotuna, wadda ta daɗe tana kawo wa Kawu aiki, ta zo tata gaisuwar. Ita ma ta ga layin. Ta dafe ƙirji, ta nemi kujera, ta ce a taimaka mata da ruwa.

Inna tana kusurwa da carbi a hannu. Duk sau biyun ni kawai ta kalla ta ƙasan mayafi.

Ni na ja layin, ba Kawu ba. Kuma in za a bar ni in faɗi gaskiya, abin da ya fi yawa a zuciyata a kwanakin nan ba baƙin ciki ba ne, sauƙi ne, irin na wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Na yi kuka, ina kan yi. Amma saura ƙiris Kawu ya tafi kabarinsa yana riƙe da matarsa a zuciya kan laifin da ba ta yi ba, kuma ni ce sanadi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don a tuna da shi yadda yake, ba yadda muka ga dama ba.

Ɗan gidan dukawa ne a Kano. Ya bar gida yana saurayi, ya gangara Ikko, ya shiga aikin girki a jirgin ruwa, bayan yaƙin duniya na biyu ya sauka a Landan ya ce ruwa ya ishe shi. Wani tsohon Bature mai shagon yin firam a Old Kent Road ya ɗauke shi shara, da ya ga yadda yake riƙe wuƙa sai ya karɓe tsintsiyar ya ba shi katako. Da tsohon ya gaji ya bar masa shagon, haɗe da wata durowa cike da takardun da ba wanda ya zo nema. A cikinsu Kawu ya tsinci aljanunsa.

Bai taɓa kiransu gumaka ba, bai kuma taɓa jin tsoronsu ba. Aikin hannu yake gani. Kafin ya taɓa takarda sai ya wanke hannu har gwiwar hannu, Inna ta ce saura shafar kai alwala ta cika. Yakan zaunar da ni ya nuna mini yadda aka yi su. Wani ya zana, wani ya sassaƙa zanen a kan allon katako mai tauri, wani ya shafa tawada ya ɗora takarda ya murza bayanta da wani ɗan faifai, ba inji ko ɗaya. Kowane launi da allonsa, in launi goma ne allo goma, kuma dole kowanne ya faɗa daidai inda ɗan'uwansa ya tsaya. Sai ya karkata hoton wajen taga ya ce in dubi sararin samaniya, in ga jijiyar itacen ta fito a cikin shuɗin. Ya ce mai sassaƙar ya mutu, itacen ya ruɓe, ga shi har yau ana ganin inda wuƙarsa ta bi.

Duk ya raɗa musu suna. Akwai dodon ruwa mai ɗan kasko a tsakar kai, wanda ƙarfinsa yake cikin ruwan kaskon. Wai in kun haɗu a bakin rafi sai ka rusuna ka gaishe shi, shi kuma ba ya iya ƙin amsawa, yana rusunawa ruwan ya zube, ka wuce abinka. Kawu ya fi son wannan, shi yake kira Mai Kasko, kuma duk ɗalibin da ya kawo ƙarar malaminsa Bature sai ya nuna masa shi ya ce gaisuwa ta kayar da wanda ya fi wannan. Akwai mace mai dogon wuya da ya lanƙwasa ya leƙa ta saman labule, ita ce Maƙwabciya. Akwai laimar nan mai ƙafa ɗaya. A wajen mutanen Japan, in ji shi, kayan gida in ya shekara ɗari sai ya yi rai, don haka yakan gargaɗi Inna ta riƙa lallaɓa tsohuwar butarsa, saura kaɗan ta fara ba da labarin abin da ta gani.

Shekarun nan mutanenmu suna zuwa Landan da jaka fal, su sayi abin da suke so da wanda ba su san amfaninsa ba. Wata rana ina shagon wani ɗan kwangila ya shigo da babbar riga, ya ga wasu hotunan Japan da Kawu ya gama wa firam, ya ce a ba shi duka. Kawu har ya fara murna ya samu ɗan'uwa. Sai mutumin ya ce a cire takardun a zubar, firam ɗin yake so, zai sa hotunansa da ya ɗauka da manya. Kawu ya ajiye guduma, ya buɗe masa ƙofa da kansa, ya kwatanta masa wani shago a gaba inda ake sayar da masu ruwan zinariya. Mutumin ya fita yana faɗa, yana cewa shi ya sa aka tsufa a ƙasar mutane ba a tara komai ba. Maganar ta yi wa Kawu zafi, na gani a fuskarsa, ranar bai ci abincin rana ba.

Amma duk ɗalibin da ya gama karatu, ko daga ina yake, in ya kawo takardar shaidarsa Kawu zai yi mata firam, kuma ba ya karɓar ko sisi. Sharaɗinsa ɗaya ne, ka zauna ka sha shayi ka gaya masa abin da ka karanta, ya yi ta gyaɗa kai kamar ya gane. Yakan ce firam gida ne, a yi wa takarda gida inda ba danshi ba rana, ta fi mai ita daɗewa. Na san ofisoshi da yawa a Kaduna da Kano akwai aikin hannunsa a bango, masu su ba su ma ji ya rasu ba tukuna.

Allah bai ba su haihuwa ba, shi da Inna. Abin da ya ba su shi ne baki. Shi Bakano, ita Bazazzagiya, kowa kuwa ya san wasan da ke tsakani. Tun daga kokon safe ake farawa. Ya ce wannan koko ko bawa aka ba wa sai ya kai ƙara, ta ce ai bawan ne yake sha. Ta ce Bakano ko inuwarsa aka taya sai ya sallama, ya ce da inuwar Bazazzagi ce ba mai tayawa. Farkon zuwana na ɗauka aure ne ke shirin mutuwa, har na rubuta wa mahaifiyata wasiƙa, ta aiko mini da amsa cewa in kama kaina, haka suke tun ban zo duniya ba. Inna ba ta son hotunan, wannan gaskiya ne. Kullum tana goge gilashinsu tana cewa wata rana sai ta yanka su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya ce ta fara da Maƙwabciya, tunda 'yar garinsu ce.

A ƙarshen shekarata ta farko na faɗi jarrabawa ɗaya. Aka ce in sake, in na kuma faɗuwa sikolashif ya tafi, in tattara in koma gida. Ban taɓa faɗuwa a komai ba, na ruɗe. Wata ƙawata, 'yar gidan malamai, ta zo duba ni ta tarar ina salla a falo, don nan ne hitar ɗumama ɗaki take. Ta kalli bango ta kalle ni, ta ce ta ina addu'ata za ta hau, alhali mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da hoto, balle hoton aljanu? Ta ce ba sai an ƙona ba, a ja layi a wuya ya wadatar, haka ake yi a gidansu da hotunan littafi.

Wata ranar Asabar Kawu da Inna suka tafi bikin suna a Dagenham, na ce ina da karatu. Na sauko da hotunan, na buɗe bayansu yadda shi da kansa ya koya mini, har da wanke hannu. Na ɗauki rula da jan biron da nake ja wa darasi layi. Laima ce ta ba ni wahala, don ba ta da wuya, na yi ta juya ta, daga ƙarshe na ja a ƙasan idon. Maƙwabciya kuwa wuya ya yi yawa, ban san inda ya dace ba, sai na ja mata a wuri uku don kada a samu kuskure. Na mayar, na goge gilashi, na rataye. Wallahi a ranar ji nake na yi wa gidan alheri.

Washegari da safe Kawu ya fito da kofin shayi, ya tsaya gaban Mai Kasko kamar yadda ya saba. Ya daɗe a tsaye. Ya ajiye kofin, ya sauko da hoton, ya kai wajen taga, ya mayar. Ya bi sauran shidan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya zauna, Inna ta kawo koko, ya sha, ya ce mata ya gode, Allah ya yi albarka. Inna ta tsaya da ludayi a hannu tana jiran sauran maganar, ba ta zo ba.

Daga ranar ladabi ya shigo gidan. Ba faɗa, ba ɗaga murya, cefane bai ragu ba. Sannu da aiki, sannu da dawowa, a sauka lafiya. In ta tsokane shi sai ya yi ɗan murmushi ya buɗe jarida. A hankali ita ma ta daina. Gidan da maƙwabta ke buga mana bango saboda dariya ya koma ana jin ƙarar agogo.

Ni kuwa na ci jarrabawar da na sake, abin da ya ƙara lalata ni ke nan, don na samu hujjar da zan riƙa ba kaina. Na ce zan faɗa bayan sakamako, na ce bayan azumi, na ce bayan salla. Kowace rana na yi shiru sai ta ƙara wa ta gobe nauyi.

Bai taɓa zargina ba, Inna ya zarga. Ni ce mai zama in saurari labarin allo da tawada, ni yake kira magajiyarsa. Sau ɗaya ya yi mini maganar, muna shago yana yanka kwali, bai ko ɗago ba.

"Da ƙona su ta yi, 'yata, sai in ce tsoro ne ya kama ta. Amma ta buɗe, ta yi, ta mayar, ta goge gilashi, ta kawo mini koko. Kada ki kuskura ki tayar mata da zancen. Ta fi ni gaskiya a wajen Allah, ni dai na kasa dariya ne."

Inna kuma a kicin ta raɗa mini nata. Ta ce Malam ya fara tuna lahira, da hannunsa ya yanka aljanunsa, shi ya sa ya daina wasa. Ta ce tana kewar bakin nan nasa kamar me, amma ba za ta yi kishi da Allah ba. Har waina ta toya ta kai masallaci sadaka, ta godiya, kuma ta mayar da abin al'ada duk Juma'ar farkon wata. Ni nake ɗaukar mata kwanon zuwa bas.

Haka muka yi shekara uku. Kowannensu yana yi wa ɗan'uwansa kara, ni kaɗai na san abin da ke cikin tukunyar, ina ci ina sha a gidansu. Da na gama karatu Kawu ya yi wa takardata firam da itacen da ya fi kowanne kyau a shagon, ya zaunar da ni ya ce in gaya masa abin da na karanta. Na gaya masa komai, ban da abu ɗaya.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, ƙurar katako ta shekara talatin. Amfanin karatun nas ɗaya ne a irin wannan rana, ba mai iya ɓoye maka. Na karanta takardar da ke rataye a ƙafar gadonsa, na ga yadda likita ke gajarta magana, na san kwanaki ne. A ranar tsoron da nake ji na a ce ni ce ya koma ƙarami. Wani ya taso ya danne shi, kada ya cika ban faɗa ba, ya je gaban Allah da ƙullin matarsa, ita kuma ta yi masa takaba ba ta san an taɓa ƙullatarta ba.

Lokacin ziyara ne, bayan azahar. Inna ta fita neman ruwan zafi. Na durƙusa a gefen gadon, duk jawabin da na shirya a bas ya gudu, na ce, "Kawu, ba Inna ba ce. Ni ce na ja layin."

Ya juyo da kai a hankali. Ya tambaye ni da me, na ce da biro da rula. Ya rufe ido, na ga hawaye na bin gefen kunnensa zuwa matashi. Na fara ba shi labarin jarrabawa da ƙawata, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ba hotunan yake wa kuka ba.

"Shekara uku," ya ce. "Kira mini ita."

Da ta shigo ya sa ta ajiye fulas ɗin, ya kama hannunta a gabana, abin da ban taɓa gani ba. Ya gaya mata duk abin da ya ɗauka, bai rage ba, ya ce ta yafe masa don Allah, ya zalunce ta da zato, kuma girman kai ya hana shi tambaya. Inna ta yi tsaye tana kallonsa, ta kalle ni, ta sake kallonsa.

"Au, Malam, fushi kake yi da ni? Ni ina can ina rabon waina?"

Dariya ta kama shi har ta zama tari, sai da na ɗaga shi zaune. Ita ma tana dariya tana kuka, tana cewa ta yafe, ta yafe, amma man gyaɗarta na shekara uku ba ta san wa zai ɗauki alhakinsa ba. Ni ya yafe mini a take, duniya da lahira. Ya ce takarda ce, wanda ya sassaƙa ta ma ya tafi. Ya ƙara da cewa in na tashi yanka nan gaba in tambayi mahauci, ba a yanka dabba a wuri uku.

Kwana tara ya ƙara. A cikinsu sau biyu nas ɗin ɗakin tana jawo ni gefe tana tambaya ko lafiya, ta ga tsofaffin nan ba sa rabuwa da cacar baki. Na ce mata lafiya ƙalau, sauƙi ne ya samu. Ya cika da kalmar shahada, hannunsa cikin na Inna, ba ya riƙe da kowa.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, baduku ɗan baduku, wanda ya yi wa takardun 'ya'yan mutane gida bai nemi lada a wajensu ba. Ka yi masa gida inda ba zafi ba ƙunci. Ka yafe masa zatonsa kamar yadda aka yafe masa a nan, ka haskaka kabarinsa, ka ba Inna haƙurin zama bayansa.

Saura ni da ita. Tun ranar asibiti ba ta ce mini komai a kan maganar ba, ni ma ban samu fuska ba sai shekaranjiya, da baƙi suka ragu. Na same ta a kicin tana tuƙa tuwo, na durƙusa, na ce Inna ki yafe mini. Ta ci gaba da tuƙi kamar ba ta ji ba, sai da ta kwashe, ta rufe tukunya, ta zuba miya. Ta turo mini kwano da ƙafa, ta zauna a kujerarta.

"Shi na yafe masa da wuri don tafiya zai yi," ta ce. "Ke kina nan, ba sauri. Wanke hannu ki ci."